Hannun Zahari a Kyamara Ta Bakwai

Shekara ashirin da uku Zahari Tonchev ya yi yana ɗaukar wasan ƙwallo wa gidan talabijin a nan Bulgariya, amma in ka tare shi ranar Lahadi ka ce wa ya jefa ƙwallon jiya a raga, sai ya hau sosa ƙeya. Ba wulaƙanci ba ne, bai gani ba ne. Shi ne mai kyamara ta bakwai, wadda ake kafawa a bakin fili ta juya wa 'yan wasa baya. Abokan aikinsa na bin ƙwallo, shi kuma yana bin fuskokin masu kallonta.

Kuma ba kowace fuska ba. Masu ihu da masu kaɗa tuta, waɗannan ko ɗan koyo ya iya ɗaukarsu. Zahari wanda hankalinsa ya bar ƙwallon yake nema. Cikin mutum dubu goma sai ya zaƙulo maka tsohon da ya duƙufa yana ɓare 'ya'yan kabewa ana shirin bugun fenareti, ko matar da ke goge wa mijinta miya a gemu. Ya riƙe su shiru, ya matso a hankali kamar mai gudun tada barci, ya jira darakta. Don mai kyamara ba shi da ikon fitar da hoto, nasa miƙawa ne kawai. Darakta da ke zaune cikin motar watsa wasa shi ke zaɓa, in ya zaɓe ka sai wata 'yar jar fitila ta kama a kan kyamararka, ka san duk ƙasar da idonka take kallo.

Matarsa Velichka ba ta ƙaunar ƙwallo ko kaɗan. Cewa take ƙatti ashirin da biyu sun rasa aikin yi. Amma tun da ta bar aiki a masana'antar ɗinkin riguna ba wasan da ya wuce ta. Takan kafa teburin guga a gaban talabijin, in ya dawo tun bai cire takalmi ba ta fara, da Zarko ɗin da take kiransa.

"Tsohon nan mai 'ya'yan kabewa naka ne. Yarinyar da ta yi barci a kafaɗar ubanta ma naka ne. Amma mai fenti a fuska ba kai ba ne, Zarko, wannan hannunsa rawa yake."

Ko sau ɗaya ba ta taɓa kuskure ba. In ya ce yaya aka yi ta sani, sai ta harare shi ta ce shekara talatin tana cin abinci da hannun nan a gabanta, a ce ba ta san shi ba?

Sai korona ta zo. Da kaka ta shiga aka sake rufe filaye, aka ce a yi wasa amma kada ɗan kallo ko ɗaya ya shiga. Rayuwar Zahari ta koma wata iri. Ranar Alhamis a zura masa tsinke a hanci har ido ya kawo ruwa. Ranar wasa a auna zafin goshinsa a ƙofa, a rataya masa katin da ya ce ga inda ƙafarsa za ta tsaya. Ya goge kyamara da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ya ci banitsarsa, wata wainar fulawa mai cuku, shi kaɗai a cikin mota, shi da a da sai sun haɗu su takwas a kan tebur ɗaya ana zolayar juna. Takunkumi na tura masa huci cikin gilashin kyamara, yana gogewa yana tsaki. Fili kuwa tsit, har kana jin koci yana zagin uwar ɗan bayansa, da ƙarar ƙwallo in ta daki ƙarfen raga. Mutanen gida ba sa jin wannan, don a mota ake kunna musu ihun 'yan kallon bara.

Saboda wannan ihun na aro aka kafa doka daga sama cewa kada kujera ko ɗaya ta fito a hoto. To me mai ɗaukar mutane zai ɗauka? Aka hau da kyamara ta bakwai can rufin rumfar 'yan kallo, aka saita ta a kan fili gaba ɗaya, aka ɗaure wuyanta, don in babbar kyamara ta sami matsala a koma kanta. Aka ce wa Zahari ya tsaya kusa da ita, kada ya taɓa. Mutum mai irin wannan hannu aka mayar mai gadin ƙarfe, yana tsaye minti casa'in iska na shiga masa ta wuya. Wallahi abin da ciwo.

A watan Nuwamba, tun bai iya buɗe baki ya gaya mata wannan ba, Velichka ta kwanta. Kwana biyar tana musun cewa mura ce, a rana ta shida motar asibiti ta zo, mutum biyu cikin fararen kaya suka sauko da ita a kujera. Ta tafi da 'yar tsohuwar wayarta mai maɓallai, wadda ba ta ɗaukar hoto balle a ga juna. Aka kulle Zahari a gida kwana goma, aka gwada shi sau biyu ba a ga komai ba, ya koma aiki. Asibiti ba shiga. Kullum da hantsi yakan kai miyar wake a kwalba ya ajiye wa mai gadi da sunanta a jiki. Ya so ya tsaya a ƙarƙashin taga ta hango shi, amma ɗakinsu na hawa na huɗu, yana kallon tsakar gidan asibitin, ita kuma ba ta iya nisa da bututun iska.

Akwai talabijin a ɗakin nasu. Ranar da ya koma aiki, ana tashi daga wasa ta kira shi, magana tana fita guntu-guntu.

"Na kalla. Ban gan ka ba."

"Ina can, Vela. Sama suka kai ni, sun ɗaure kyamarar."

"Ƙarya kake."

"Haba, yaushe na fara yi miki ƙarya?"

Sai tari ya kama shi, tarin sanyin rufin nan ne kawai, amma ina! Ta ce, "Ka ji ko? Kana kwance. Ni na shafa maka, kana ɓoye mini." Ya rantse, ya yi faɗa, ya yi lallashi, duk a banza. Kashegari ya sami wata nas a waya, ta ce matarsa ta daina cin abinci, kullum tambayarta a wane ɗaki aka kwantar da mijinta. Nan hankalin Zahari ya tashi. Ya san matarsa, ba za ta yarda da bakinsa ba, ba za ta yarda da na nas ba. Sai ta ga hannunsa.

Asabar da ta biyo akwai wasa ƙarfe biyu da rabi. Tun da safe ya je ya tsaya a ƙofar motar watsa wasa, bayan layin da aka ja a ƙasa. Darakta Momchil ya leƙo. Yaro ne a kan Zahari, mutumin kirki, sai dai tsoron manya ya yi masa yawa. Yakan kira shi bate, yadda ake kiran yaya. Zahari ya gaya masa komai, ya ce daƙiƙa biyar yake roƙo.

"Bate Zahari, ka san dokar. Kujera ɗaya ta fito, gobe ni da kai muna gida muna kallon bango."

"Ban ce maka kujera ba."

"To wa za ka ɗauka? Tattabaru?"

"Kai dai ka duba bakwai in na kira."

Momchil ya gyara takunkumi, ya kalli ƙasa. "In ka samo mutum mai rai, ma gani. Ban yi alkawari ba fa."

Ana busa usur Zahari ya kwance wuyan kyamara ba da izinin kowa ba. Da a ce babbar kyamara ta mutu a lokacin, da ƙasar nan ta ga baƙin allo, kuma da aikinsa ya ƙare a ranar. Ya sani sarai. Ya bi bakin fili, ya ga ɗan sanda yana latsa waya, ya ga direban motar asibiti yana gyangyaɗi. Ba su ba ne, kowa ma zai iya ɗaukarsu, Velichka ba za ta ce nasa ne ba. Aka je hutun rabin lokaci aka dawo bai sami komai ba, yatsunsa sun ƙage.

Saura minti ashirin wani ɗan wasa ya faɗi yana riƙe da gwiwa, aka tsayar da wasa. Zahari ya ɗaga kyamara ta haye katangar fili, zuwa dogayen benayen da ke bayanta, yana bin baranda ɗaya bayan ɗaya. Shanya, tukwanen furanni, wani keke. A hawa na takwas ya tsaya. Wani tsoho na zaune a kujera da bargo a gwiwa, ya miƙa wuya yana leƙen fili. Matarsa ta juya wa filin baya, ta sunkuya tana naɗa masa mayafi a wuya, bakinta na motsi, ko ba ka ji ba ka san faɗa take yi. Shi kuma yana ture hannunta don ta tare masa.

"Bakwai na da mutum," in ji Zahari ta na'urar da yake magana da darakta.

Ya ƙara saita tsohon da matarsa. Ya riƙe numfashi, ya matso a hankali.

"Bakwai," in ji Momchil, murya ƙasa-ƙasa. "Kai ne."

Jar fitila ta kama. Daƙiƙa shida ta yi, hannun Zahari bai motsa ba ko kaɗan. Tana mutuwa ya mayar da kyamara kan fili, ya ɗaure wuyanta.

Ana tashi ya kira ta. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya kira sau tara. Da ƙyar ya sami nas, ta ce numfashin ya ƙi, an sauka da Velichka ƙasa wajen injin taimakon numfashi. Ya ce ƙarfe nawa? Ta ce, "Bawan Allah, ni da nake da mutum arba'in, agogo zan tsaya dubawa? Da rana dai." A ƙasa babu talabijin, babu waya. Ranar Laraba Velichka ta rasu. Aka ba shi akwati a rufe, ba a bari ya ga fuskarta ba, su biyar suka binne ta har da limamin coci, 'yarsu tana Sifen ba jirgin da zai kawo ta.

Bai yi kuka ba. Tambaya ɗaya ce ta hana shi barci, ta hana shi ci. Ko ta gani? Ko kuwa ta tafi tana zaton yana can kwance ta dalilinta, kuma maganarsu ta ƙarshe ƙarya ya yi mata? Ba wanda zai tambaya. Ya ci gaba da hawa rufi duk ranar wasa, ya tsaya kusa da kyamara a ɗaure, bai ƙara taɓa ta ba.

Ranar cikar arba'in ya liƙa takardar tunawa mai hotonta a ƙofar benensu da jikin bishiyar tashar bas, kamar yadda kowa ke yi wa nasa. Ya dafa alkama da zuma, ya zuba a ƙananan kofuna, ya tsaya a ƙofa yana miƙa wa masu wucewa daga nesa, suna cewa Allah ya gafarta mata. Can sai ga wata mata tana tahowa, ta yi taku goma ta tsaya ta huta. Ta ce sunanta Ginka, ta ga hoton a tasha, gadonta na kusa da na Velichka a hawa na huɗu.

Yana riƙe da kofi ya tambaye ta. "Ranar da aka sauka da ita... ta kalli wasan?"

"Kalla? Ai ita ta hana mu sakat! Mu muna son fim ɗinmu, ita ta ce ƙwallo ko a kashe. Ga ta ba numfashi, ga faɗa." Ginka ta tsaya ta ja iska. "Can sai aka nuno wani tsoho a baranda da bargo, wata na naɗa masa mayafi. Sai ta fizge abin numfashi ta ce, ‘Ga mijina nan! Lafiyarsa ƙalau, ɗan banza.’ Ta yi ta dariya har da hawaye. Ta ce a miƙo mata miyar nan, ta sha cokali huɗu. Ba a yi awa ɗaya ba suka zo da gadon da ake turawa."

Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ta girgiza kai.

"Amma kai ko kama ba ku yi da tsohon ba. Dama mun ce zazzaɓi ne ya juya mata kai, Allah sarki."

"Ba zazzaɓi ba ne," in ji Zahari. "Ni ne."

Ya ajiye kofin, ya zauna a kan matakala, ya cire takunkumi. Ginka ba ta gane ba, amma ta tsaya a wurin har ya gama kukan.