Wutar da Maharazu Ya Kunna

Allah ya jiƙan Maharazu ɗan Fagge. Shekara tara ya yi yana girki a wani kamfanin abinci a unguwar Al Qusais ta Dubai, kuma duk wanda ya zauna ɗaki ɗaya da shi ya san ba ya iya naɗe hannu. Yana idar da asuba zai kama hanya, ya riga kowa shiga kicin, ya ɗora tukwane.

A ƙarshen 2020 Yahudawa suka fara zuwa Dubai yawon buɗe ido, sai kamfanin ya ware ɗaki guda don irin abincinsu da suke kira kosha. Aka kawo mai sa ido, wani dattijo Nissim, mutumin Safed ta Isra'ila, garin da ya ce a kan duwatsu yake, kullum gwiwa na kuka. Maharazu ya ɗauka kosha ai ɗan'uwan halal ne. Ya haddace cewa nama ba ya haɗuwa da madara, tukunya mai jan fenti daban, mai shuɗi daban. A kusurwa kuma akwai wata 'yar wuta da Nissim ya kunna da hannunsa, daga ita ake ɗiba a tada murhu. Maharazu ya zaci tsari ne kawai irin na tsofaffi.

Wata Juma'a suna da baƙi sittin, kuma dole abincin ya isa otal kafin faɗuwar rana, don daga nan Yahudawa ba sa girki sai Asabar ta wuce. Da sassafe Maharazu ya tarar 'yar wutar ta mutu. Ya zaro ashana, ya ƙyasta, ya ci gaba da aikinsa.

Wajen ƙarfe goma Nissim ya shigo, ya leƙa kusurwa.

"Madalla, habibi, wutata na nan. Da ta mutu wani ya kunna, da duk wannan ya haramta gare mu."

Maharazu ya ja abokin aikinsa Bashar bakin ƙofa ya faɗa masa.

"Kai, malam, ja bakinka ka yi shiru," in ji Bashar. "Wuta ai wuta ce, ko sunan mai ita a rubuce yake a jikinta? Bizarka a hannun manaja take. Khalas, shi ke nan, Kano za ka gani."

Maharazu ya san gaskiya ne. Matarsa Turai na gida da yara uku, kuma a shekarar korona ba a samun wani aikin.

"Bashar, in aka ba ka mushe aka yi shiru, ka yafe?"

"To, Shehu, je ka yi wa'azinka."

Maharazu ya koma ciki ya tsaya gaban dattijon. "Malam Nissim, wutarka ta mutu. Ni na kunna."

Nissim ya dubi tukwanen ya ce sai an sake girkin daga farko. Manaja ya sauko yana ihu, ya ce Lahadi Maharazu ya zo ofis ya karɓi takardar sallama. Abu ɗaya Maharazu ya tambaya: rana ƙarfe nawa za ta faɗi? Aka ce biyar da rabi.

Aka kwashe girkin farko aka ba leburorin sito. Nissim ya kashe wutar ya sake kunnawa, suka tafasa tukwanen ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya nuna. Maharazu ya ruga masallacin bayan layi ya samu Juma'a, ya dawo ya kama kaji da albasa. Bashar na mita, amma shi ya fere dankalin duka. Tururi ya ƙona wa Maharazu hannu, ya ɗaure da tsumma. Ƙarfe huɗu da kwata mota ta tashi.

Ranar Lahadi ya je ofis da rigarsa a goge, ya tarar Nissim ya riga shi.

"Ni ba na iya kwana a kicin," dattijon ke ce wa manaja. "Mutum nake buƙata wanda zai faɗa mini abin da ban gani ba. In ya tafi, ku nemi wani mai sa idon."

Manaja ya mayar da takardar cikin durowa.

Maharazu ya riƙe ɗakin nan wata takwas, har zazzaɓin da ya kwantar da shi a watan Agusta, bai tashi ba. Allah ya kai haske kabarinka, ɗan'uwa, ya raya abin da ka bari.