Totuwar Masara a Injin Motar Baba

Mun tashi da asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce, ƙarfe shida saura kwata, daga ƙofar gidanmu a Kazaure. Mu uku ne: ni a sitiyari, yayana a gefe, sai wani abokin aikina a baya rungume da galan biyu na baƙin mai. Motar ta marigayi mahaifinmu ce, ta haura shekara arba'in. Tun bara take yoyon mai ta ko'ina, har Yaya ya gaji ya yi magana da 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe. Sharaɗinsa ɗaya: in bayan gyara ta kai mu Gwiwa ta dawo ba a ƙara mata mai ba, ta zauna. In ba haka ba, ranar Litinin a zo a yanka ta.

Babura muka nufa, wurin wani dattijon bakanike da ya yi shekaru yana gyaran irin waɗannan motoci a Nijar. Hanya lafiya lau in ka cire 'yan ramuka, gero ya fid da kai hagu da dama. Sau biyu muka tsaya ƙara mai. A tsayawa ta biyu muka karya da koko da ƙosai. Mai ƙosan ta dubi hayaƙin da ke fitowa ta ƙarƙashin bonet, ta tambaye mu ko mu ma suya muke.

Dattijon bai yi gaggawa ba. Ya ce kowane inji yana tara iska mai zafi a cikinsa, inda baƙin mai ke zama, kuma tsofaffin motoci ta wani bututu da ke kallon ƙasa suke fitar da ita. Ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashin motar da filaya. Da ya fito, totuwar masara ce a hannunsa da ya zaro daga bakin bututun, ta yi baƙi ƙirin.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Yaya ya gyara hula ya ce, "Baba, gani na yi yana ɗigar da mai."

"Alhaji, kwalbar man ja ka ɗauke shi? Ka toshe mata hanci, sannan ka ce tana gumi."

Abokina sai da ya riƙe ciki don dariya.

Ya ce cire totuwar kaɗai zai rage yoyon, amma bututun zai ci gaba da ɗiga da wari. Sai ya ɗauko wani bawul ɗan ƙarami kamar babban yatsa. Ya girgiza shi a kunnena, na ji ƙwal-ƙwal, alamar yana da rai. Ya cire tsohon bututun, ya sa zoben roba a gurbinsa, ya cusa bawul ɗin, ya ja tiyo daga nan zuwa gindin kafireta, don injin ya zuƙe hayaƙinsa ya ƙone. Wani tiyon kuma ya kawo iska mai tsabta daga matatar iska. Ya gargaɗe ni: bawul ɗin hanya ɗaya yake bari, in aka juya shi an koma gidan jiya.

Na tada mota, ya daidaita silo, wato kukan injin a tsaye. Ya buɗe murfin mai ya ɗora takarda a bakin, sai ga ta ta manne, alamar injin ya koma zuƙar iska maimakon turo ta. Wallahi na yi kabbara ban sani ba! Da muka zo sallama ya tambaya naira ko sefa, duk ɗaya ne a wurinsa.

Bayan azahar muka juyo, muka ratsa Kazaure ba tsayawa. A Roni 'yan acaɓa suka yi ta bin mu suna ɗaga hannu, wani ya ce kakansa ya taɓa hawa irinta. A Gwiwa muka sha fura da nono wurin wata Bafulatana, mai tsamin da ya dace. Yaya ya zaro ma'aunin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Sau uku yana yi. Mai yana nan a layinsa.

Ana kiran magariba muka shigo gida, galan na biyu ko buɗe shi ba a yi ba. Abin da na ƙaru da shi: kafin a yanke wa tsohon inji hukunci, a tambayi wanda ya taɓa shi na ƙarshe. Ranar Litinin Yaya ne ya tafi ofis da ita, kuma har yau bai dawo mini da makulli ba.