Mai Wankan Gawar da Ta Ƙi Jiran Matata

Ba zan ɓoye ba: shekara da shekaru, in na hango Inna mai wankan gawa a bakin layinmu, sai in tuna ina da uzuri a wani layin. Gemu ya yi furfura, amma zuciyar ta ɗan tsako ce.

Ita kuwa ba ruwanta. Kullum da safe za ta shanya tawul-tawul ɗinta a igiya, ta jera sabulu da turare a kwando, ta zauna jiran aike. Abin da ta gani a jikin mamaciya, a ɗakin take barinsa.

Sai ga ta rannan a falona, alhali ba a yi mutuwa ba. Na zabura, shayi ya kife mini a cinya.

"Zauna, ɗana, ba wajenka na zo ba." Ta dubi matata da ƙanwarta. "Ni na wanke mahaifiyarku, ni na wanke yayarku. Ciwo ɗaya, ciwon daji a mama, kuma babu wadda ta ga arba'in. Ba na tona asirin gawa, amma wannan gadonku ne. Ku tashi mu je asibiti."

Ƙanwar ta yi dariya. "Haba Inna, ni ko talatin ban cika ba! Sai na samu sarari."

Matata ce ta bi ta, ni ina biye da jiƙaƙƙen wando. A asibiti aka ce ba a yin hoton mama sai mace ta kai arba'in. Inna ta ce wa ma'aikaciyar, "'Yata, matan gidan nan ba sa kaiwa. In ba ki duba ta ba, ni za a kira in duba ta."

Nan take ma'aikaciyar ta kira likita. Gwajin jini ya nuna ciwon gado ne, hoto ya nuna ƙullutu da bai kai ƙwayar wake ba. Aka cire shi. Ni aka yi wa fifita a kan benci.

Inna, ke ce mai wankan da ta hana kanta aiki. Yanzu da hannu ya gaza kika ajiye kwando, na gode, kuma na daina sauya layi. Jama'a, wanda ya san ciwon nan na bin gidansu, ya buɗe baki kamar ita, ya nemi gwaji tun da wuri.

Gawa ta ƙarshe da Inna ta wanke, ƙanwar matata ce.