Baba James na Gudu, Wanda Ya Mayar da Abbana Kan Titi

Ƙarfe shida na safe Baba James yake gangarowa daga tudun Mpape a ƙafa, da ledar dafaffiyar doya a hannunsa, ya hau bas zuwa kasuwar Gudu a Abuja. Kafin masu sayar da kayan gyara su ɗaga ƙofofin shagunansu, shi ya riga ya buɗe rumfarsa. Kuma ba ya taɓa sifana sai ya zaɓi ɗaya daga cikin tsofaffin motocin da aka ba shi amana, irin gajerun nan masu dogon gaba da kujera biyu tak, waɗanda don gudu kawai aka ƙera su, ya fita da ita shan iska. Kilomita ashirin zuwa da dawowa, kullum ta Allah. Madam Rosemary mai abinci a bakin layin ta rantse mini cewa da ƙarar salansa take gane ranar mako. Wai idan ta ji mai gurnanin nan kamar tsohon rago, to Laraba ce.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan aiki. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar ya koma gonarsa, shi ya sa na ce wallahi ba zan bari ya tafi shiru ba. Sunana Zuhra, aikin ofis nake yi a wata ma'aikatar tarayya, kuma har bara ban san bambancin lagireto da kafireto ba. Mahaifina ne sanadin haɗuwata da wannan bawan Allah.

Abbana, Alhaji Al-Amin, yana da wata jar mota ƙirar 1978. Ya saye ta a Kaduna hannun wani Bature mai komawa gida, ya taho da ita Abuja lokacin da aka dawo da ma'aikatarsu, ya lulluɓe ta da tamfol a garejin gidanmu na Maitama. Mu 'ya'yansa ko jingina da ita ba ma yi. Kullum zancensa ɗaya, sai ya yi ritaya zai more ta. Ya yi ritaya, sai ya ce a bari a gama gyaran tituna. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya leƙa maleji, ya ga kilomita dubu ashirin da ɗaya kacal, ya yi ta mamaki, Abba kuma yana shafa gemu. Irin kulawar da ake mata kuwa ita ce ta kowane babban gida a unguwar: kowace safiya maigadinmu Innocent zai tayar da ita, ta yi minti goma tana kuka a tsaye, ya kashe, ya goge, ya rufe. Mu a wurinmu ai babu motar da ta kai ta gata.

Sai bara likita ya ce hawan jinin ido ya ci ƙarfin idon Abba. Ya ce da rana tsaka yana iya tuƙi tukuna, amma nan da mako shida za a sake gwaji, kuma ya shirya ajiye makulli daga ranar. Abba ya dawo gida, ya wuce gareji ya yaye tamfol da hannunsa. Ya ce ranar Asabar zai kai ta madatsar ruwa ta Usuma, ta hanyar Bwari, da kansa. Amma wa zai hana shi? Wani abokin aikina, Tawfiq, shi ya ce in nemo Baba James ya duba ta kafin nan.

Ya zo da rigar aikinsa mai shuɗi, ya gaida Abba da ladabi. Abba ya fara karatun da ya saba, na dubu ashirin da ɗaya. Me Baba James zai yi? Sai ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu, ya manna ta a kan maleji, ya rufe lambar ruf! Daga baya na ji cewa haka yake yi wa kowace mota, don kada lamba ta yi masa tunani. Ya buɗe tanki ya shinshina, ya yamutsa fuska. Ya durƙusa ya kankari gefen taya da farce. Sannan ya kwanta ya shige ƙarƙashinta, muka yi ta kallon tafin takalminsa.

Da ya fito ya ce, "Oga, mota ɗin nan ba zai je ko'ina ba."

Abba ya ce, "Malam James, ka kuwa ga lambar da ka rufe? Sabuwa ce fa. Shekara talatin ba ta taɓa fashin tashi ba."

"Tashi daban, tafiya daban, Oga. Abu biyu ne yana cin mota. Tafiya yana cin ƙarfe, amma shi ƙarfe yana magana, za ka ji ƙara, za ka ga hayaƙi, ka kawo mini. Shekara kuma yana cin roba da mai, kuma ba ya magana ko kaɗan. Akwai farin mota na Madam Lucy a wurina, sa'an wannan ne, ya yi dubu ɗari biyu da arba'in. Na canza masa ringi, na canza kuloci, amma gobe zan shiga shi in je Jos. Wannan ko junction ba zan kai shi ba."

Ran Abba ya ɓaci sosai. Mutum ne da ya shekara yana ba daraktoci umarni, ga wani ya zo har gida yana kushe masa abin alfaharinsa a gaban 'yarsa da maigadinsa. Ya ce a sallami bakanike, shi Asabar ba fashi. Ni kam na sadakar, na fara lissafin gangaren nan na hanyar Bwari a zuciyata. Amma Baba James bai ko motsa ba. Ya ce shi alfarma ɗaya yake nema kafin ya tafi, Innocent ya shiga ya taka birki da duk ƙarfinsa, kamar saniya ta faɗo masa titi. Innocent ya shiga ya taka. Baba James ya ce ya ƙara. A taku na uku muka ji fat! Tiyon birki na gaba ya fashe, wani baƙin ruwa mai tsatsa ya yi tsartuwa har kan farar shaddar Abba, fedar birkin kuma ta tafi ƙasa luu ba ta dawo ba.

Abba ya daɗe yana kallon rigarsa. Can ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya ɗago ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Mako shida nake da shi, Malam James. Bayan nan ko ka gyara ba ni zan tuƙa ba."

Baba James ya ce, "Ba ni biyar, Oga."

Jama'a, ku zo ku ga aiki! Ashe kusan duk abin da yake na roba a jikin motar ya mutu a tsaye. Tiyon mai ya tsattsage, belin fanka ya bushe, tayoyin da ko gashinsu bai gama zubewa ba sun yi tauri kamar busasshiyar ganda. Fetur ya zama danƙo a cikin kafireto. Tayarwar nan ta kowace safiya da muke taƙama da ita, ita ta tara ruwa a salansa har ya ruɓe, don injin bai taɓa yin zafin kirki ba. Kayan irin wannan mota kuwa ba a cika samunsu a kan kanta ba. Baba James ya karaɗe kasuwar Gudu layi-layi, ya buga waya Legas, ya shiga mota da kansa ya je kasuwar Panteka a Kaduna saboda wata 'yar roba da ba ta kai zoben hannu ba. Abin da ya gagara samuwa ya kai aka yanka masa a gabansa. Lokacin haƙar doya ne, matarsa Mama Asibi tana ta aiko masa saƙo daga gona, yana cewa ta yi haƙuri akwai mara lafiya a hannunsa. Ta ɗauka mutum ne, har tana cewa Allah ya ba shi sauƙi.

Baba James, kai ne ka ƙi ba mu motar ranar da ka gama, duk da magiyar da na yi maka har da hawaye. Ka ce sai ka yi kilomita ɗari uku da ita da kanka, in wani abu zai tsinke ya tsinke a hannunka. Na ji haushinka a ranar, ba zan ɓoye ba, don kwanakin Abba kake ci. A kwana na biyu famfon ruwa ya fara yoyo a hanyar Keffi, ka dawo ka canza shi. Gwanin Gudu, ka yafe mini abin da na faɗa a zuciyata.

Saura kwana takwas gwajin ido ka kawo ta, ranar Asabar da hantsi. Tun daga kan kwana muka jiyo ta! Innocent ya wangale get yana tsalle yana "Oga, ya zo! Ya zo!" Abba ya fito da sabuwar hula. Ya zauna a mazaunin direba, ya ce ka shigo ku tafi. Kujera biyu ce a motar, kuma duk duniya babu wanda ya kai ka cancantar ta biyun. Sai ka riƙe ƙofa ka dube ni ka ce, "Ni na sha nawa, 'yata. Shiga ki bi Baba naki." Kai kuma ka biyo mu a baya cikin motata, da akwatin kayan aiki a gefenka.

Wayyo daɗi! Da muka bar cunkoson Dutse titi ya buɗe, Abba ya sa giya ta huɗu ya taka totur, motar ta yi wani kuka ta miƙe, iska ta fizge sabuwar hular ta yi gaba da ita, ko waiwaye bai yi ba. Dariya yake yi kamar yaro, yana nuna mini duwatsu yana kiran sunayensu. A gangaren da na yi ta jin tsoro ya taɓa birki, ta tsaya masa cak. Kwana takwas ɗin nan kullum sai mun fita. Ranar ta tara likita ya ce to, Alhaji, ya isa haka.

Yanzu ni nake tuƙa ta duk Asabar, bisa umarninka, Abba yana gefena. Idonsa ya yi nisa sosai, fuskata ma sai na matso yake gane ta. Amma ya gaya mini cewa in ya rufe ido, hanyar Bwari yake gani tar, da shuɗin ruwan Usuma a ƙarshenta.

Na gode, Baba James. Allah ya saka maka da alheri, ya ba doyarka albarka, ya bar ka da Mama Asibi cikin lafiya. Ku kuma masu sana'a, kowace iri ce, ku yi koyi da mutumin da babba ya kore shi amma ya tsaya sai da ya nuna masa gaskiya. Masu motoci a ƙarƙashin tamfol, ku nemi wanda ya san aiki ya duba muku su, sannan ku hau abinku tun kuna ganin hanya.

Jiya na gaya wa Abba cewa za ka rufe rumfa. Ya ce in kai shi Gudu kafin ka tafi. Ya ce ba zai ga fuskarka ba, amma yana so ya riƙe hannunka.