Idon Ɗan Fari a Tsakar Gida

"Baƙi ƙirin, Malama! Ga wayar nan hannuna ina dubi, baƙi ƙirin awa gindin tukunya."

"Alhaji, jiya da na baro gidan tana aiki. Kai da bakinka ka ce ka ga kaji na kiwo."

"Kaji na ce ki nuna mani? Tsohuwa nika son gani. Da sassafe ta kawo, hantsi na yi ta mutu, kullum haka. In aikin ya fi ƙarfinki ki hwaɗa mani gaskiya."

Khairiyya ta janye wayar daga kunnenta, ta harare ta, ta mayar. Tana tsaye a bakin titin Ƙofar Taramniya, tsani a kafaɗa, jakar kayan aiki tana rinjayar hijabinta gefe guda, rana kuwa ta buɗe kamar da ita take faɗa. Daga can Ikko, a bayan muryar Alhaji Illo, tana jiyo kukan shanu da hayaniyar kara, kasuwar da ake sayar da su.

"Ki saurara da kyau," in ji shi. "Yau in rana ta hwaɗi ban ga Inna cikin wayar ga ba, zan shiga zaurenmu in ce kowa shi yi hattara da ke."

Ya kashe.

Zauren da yake nufi na wasaf ne, inda fataken shanu 'yan Sakkwato mazauna Ikko suke taruwa. A nan abincin Khairiyya yake. Mutane ne da suka bar iyaye da iyali a gida, hankalinsu rabi a kara rabi a Sakkwato, kowa yana son ya buɗe waya ya ga ƙofar gidansa. Ɗaya ya yaba aikinta, sauran suka biyo. Ɗaya kuma, in mai faɗa a ji ne irin Alhaji Illo, ya isa ya kore su duka.

Ita 'yar Kwalkwalawa ce, ɗiyar manomin gero da albasa. Ta tashi a rumfar cajin waya ta yayanta Ja'afar, inda ɗaliban jami'a ke kawo wayoyin da suka sha ruwa ko suka sha ƙasa. Tun tana miƙa masa sukundireba har ta koma ita ke buɗe wayar. Da Ja'afar ya koma ɗaura kyamarori a gidajen ma'aikatan Arkilla, sai ya ci karo da abin da ba ya cikin takardar kwali: maigida ya saya, amma namiji baligi ba ya wuce zaure. Ran nan aka tsayar da shi a wani gida, ya kira ƙanwarsa. Ta shiga da tsani, waya maƙale a kunne, yana faɗa mata daga waje tana ɗaurawa. Kafin shekara ta zagayo ta daina kiransa. Matan gari suka sa mata Khairiyya mai ido.

Ta sha fama da gidaje, amma ba ta taɓa haɗuwa da irin na Inna Bara'atu ba.

Inna ita ce mahaifiyar Alhaji Illo. Ya gina mata gida a Arkilla har da tayil, ta ce ita da ɗakin da aka kawo ta amarya sai makara. Da damina santsi ya kwashe ta a bakin makewayi, ta daɗe kwance a ƙasa, sai da wata maƙwabciya ta shigo aron rariya aka ɗaga ta. Labari na isa Ikko, kwali ya iso tasha: kyamara biyu marasa igiya da na'urar waifai mai cin sim.

Ta zaure ba ta taɓa ba da matsala ba. Ta tsakar gida ce ta hana Khairiyya sakat. Da fari ta zargi bango, don ginin ƙasa ne na mutanen da, kaurinsa ya kai kamu biyu, waifai in ya shiga ba ya fita. Ta matso da na'urar bakin taga. Aka ce ta mutu. Ta zargi masu ɗauke wuta, ta haɗa ƙaramin sola da batir. Ta mutu. Ta taɓa na'urar ta ji kamar an sauke ta daga murhu, ta yi mata inuwa da kwali. Ta canza sim, ta canza caja, ta goge komai ta sake saiti tun daga farko har lambar sirri ta zauna mata a ka kamar karatun allo. Abin da ya fi ci mata rai, duk lokacin da ta zo sai ta tarar da kyamarar garau, 'yar fitilarta tana ƙifta mata ido. Jiya dai da abin ya ishe ta, ta zare memorin wayarta ta zura a cikin kyamarar don ya ajiye hoto, tun da Alhaji bai sayo ba.

Da ta isa gidan Inna, ta yi sallama a zaure. Aka ɗan jima kafin a amsa, kamar kullum.

"Maraba da ɗiyata. Yau ma abin naku na?"

"Shi na, Inna. Ina wuni? Ya ƙafa?"

"Ƙafa ta gode Allah. Ke dai kina wahala. Ga hura can cikin ƙwarya."

Khairiyya ba ta kafa tsani don gyara ba. Ta hau, ta zaro memorin, ta sauko ta zauna a bakin tabarma, ta mayar da shi wayarta, ta buɗe hoton safiyar yau. Ga tsakar gida, ga randa, ga kaji. Can sai ga Inna ta fito daga ɗaki tana kare fuska da gefen mayafi. Ta mirgino turmi har ƙarƙashin rumfa, ta kifa shi. Ta dafa ginshiƙi, ta ɗora ƙafar nan da ta gurɗe, ta hau. Turmin ya yi rawa. Ta miƙa sandarta sama da wani tsohon kallabi a bakinta, sai hoto ya yi baƙi ƙirin.

Khairiyya ta ajiye wayar a cinya. Ta tuna hawa da saukar da ta yi, da ranar da ta sha a hanyar nan, da daren da ta kwana tana tuhumar kanta.  Amma Inna sa'ar kakarta ce, ba damar faɗa.

"Inna," ta ce a hankali, "turmi kika hawa?"

Tsohuwa ta leƙo wayar, ta ga kanta. Ko gezau.

"Af. Ashe har ajiya shika yi, munahukin."

"Inna, don kada ki hwaɗi anka sa abin ga! Ke kuma kin koma hawan turmi saboda shi. In kinka karye fa? Mi zan ce?"

"Ba ni hwaɗuwa. Ina dafa icce."

"To mi yas sa? Ni ina ta zagin bango, ina zagin masu wuta, ashe kallabi na."

Inna ta gyara zama, ta kawar da kai wajen randa.

"Ranar da kinka ɗaura shi, na zauna nan ina shan hura, kaina ko ɗankwali babu. Sai na ji bango ya yi magana. Wai, Inna, a sha lahiya." Ta kama haɓa. "Muryar wancan. Mutumin Ikko. Saura kaɗan ludayi shi wuce mani."

Wancan. Sai yanzu Khairiyya ta lura, duk zuwan da take yi ba ta taɓa jin sunan Illo a bakin Inna ba. Ɗan fari ne. Ita ma ta san wannan kunyar, don tata uwar har gobe ba ta kiran Ja'afar sai dai ta ce yaron nan. Amma ta Inna ta mutanen da ce, wadda ba a sirka ta ba.

"Ana yaye shi kakarshi ta ɗauke shi," in ji Inna. "Tun da nika, bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba. In ya zo gaisuwa, daga bakin ƙofa shika tsugunnawa, in amsa ina duban bango. Yanzu da hurhurata a rataya mani idonshi bisa kai, in ci shina kallo, in yi gyangyaɗi shina kallo?"

"Ai da kin hwaɗa mani tun ranar."

"In hwaɗa maki ki hwaɗa mashi, shi ji kunya, ni in ji kunya? Kuma ke aikinki kika yi, ɗiyar mutane. Shi ya sa in na ji sallamarki nika saukewa, kada ranki shi ɓaci."

"Kada raina shi ɓaci," Khairiyya ta maimaita. Ta ɗauki ƙwaryar furar nan ta sha da yawa, don in bakinta bai sami abin yi ba zai faɗi abin da ba a faɗa wa tsohuwa.

Da ta ajiye, ta ce, "To wa za ya dube ki ba ki ji komai ba?"

"Wa kuwa? Murja mana. Auta ta. Wagga ko wanka nika sai ta leƙo ta tambaye ni ina anka aje gishiri."

Murja malamar firamare ce, tana aure a Arkilla. Khairiyya ta karɓi lambarta, ta fita zaure inda Inna ba za ta ji ba, ta kira Ikko.

"Ta gyaru?" in ji Alhaji, ko sallama babu.

"Ba ta taɓa lalacewa ba, Alhaji. Na turo maka wani hoto, ka duba, ina riƙe da layi."

Ta riƙe layi. Sai kukan shanu. Sai salati.

"Turmi! Malama, turmi ta hau! Ke kina ina?"

"Ina gidanmu ina canza maka sim."

"To don mi? Mi na yi mata?"

"Alhaji, kai na ɗan fari ko ba kai ba?"

"Wanga ai na'ura ta! Ba ni na ba, gilashi na da waya!"

"Gilashin na ya ce mata a sha lahiya?"

 Da ya amsa, muryarsa ta sauka.

"Gaisuwa fa kawai na yi. Shekara da shekaru ban taɓa ganin ta zauna ta sake ba, sai rannan. Daɗi na ji." Ya ja numfashi. "Yanzu mi kika so a yi?"

"In cire ta tsakar gida daga wayarka in mayar wayar Murja. Ita ta duba, in da wani abu ta kira ka. Kai a bar maka ta zaure."

"Ta zaure! Ni da na sayi kaya, a bar ni da kallon awakin unguwa da masu tallan yalo?"

"Ko awaki, ko turmi. Zaɓi ɗaya, Alhaji, ina da wani aikin."

Ya yi tsaki, ya yi wa wani yaron kara tsawa a kan igiya, ya dawo. "Mayar mata. Amma kada ki ce ma Inna na ga hoton ga."

"Ba ni cewa. Saura maganar zaurenku na wasaf."

"Wane zaure?" Ya yi gyaran murya. "Wato, da safe raina ya ɓaci, na ɗan yi magana kaɗan."

Khairiyya ta runtse ido. "Ka ce sai rana ta hwaɗi."

"To ai can Ikko hadari anka yi, ba a ga ranar ba."

"Alhaji, da murya ka ɓata, da murya za ka gyara. Kuma ka turo mani in ji."

Ta koma ciki ta kira Murja, suka yi ta fama. Murja ta saukar da manhajar da ba ita ba, ta sa lambar sirri da babban baƙi inda ake son ƙarami, datarta ta ƙare a tsakiya sai da ta ari wayar wata malama ta jona. Da ƙyar dai bango ya yi ƙara, muryar Murja ta fito.

"Inna! Ga ki nan! Wane irin zane na wanga kinka ɗaura?"

Inna ta ɗaga kai ta dubi kyamarar ido cikin ido, karo na farko.

"Ke, rufe mani baki. Ina daddawar da kinka ce za ki aiko tun sati wancan? Kuma wa ya ce ki aske ma jikana kai da sanyin damina?"

"Malama Khairiyya," in ji bango, "ba a iya kashe wajen maganar?"

"Ana iyawa. Ku daidaita tsakaninku."

Khairiyya ta mirgina turmin da kanta ta mayar da shi bayan ɗaki, ta naɗe tsani. Tana zaure saƙon ya shigo. Muryar Alhaji Illo ce, a daƙile kamar mai haɗiyar magani: "Jama'a, maganar da na yi da safe a bar ta. Aikin yarinyar ga lahiya lau shike. Matsalar daga wajenmu ta, kuma kada wanda ya tambaye ni ko mi ce ce."

Ta saurara har ƙarshe, ta sake saurara. Kafin ta sa wayar a jaka wani kiran ya shigo, wata Hajiya Zulaihatu daga Arkilla, wai tata kyamarar tun asuba take ƙara tana cewa ga ɓarawo, kuma ba kowa a wurin sai zakara.

"Kada ki yanka shi, Hajiya, gani nan tahe."

Ta saɓa tsani, ta gyara hijabi, ta fita titi tana ɗaga wa mai keke hannu.