Jifan da Aka Haramta wa Yayana

Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, kowa a Aliero ya ɗauka rabonsa ya tsaga. Shi yayana a ƙwallo ya hango nasa. An ce masu neman 'yan wasa na sabuwar jiha za su zo Jega kallon wasan ƙarshe na kofin da wani attajirin hatsi ya sa, kuma wanda ya burge su da shi za su tafi. Ya ƙwallafa rai har tuwo ba ya shiga.

A gudu dai ba shi da abin a zo a gani. Amma tun yana yaro yake lodin buhunan albasa, sai Allah ya hore masa damatsa. In ƙwallo ta fita gefe ya ɗauka ya jefa, daga kusan tsakiyar fili take tashi ta dira bakin raga. Kuma a dokar ƙwallo babu satar gida a jifa. A kan haka mu 'yan ƙungiyar Aliero muka gina wasanmu: mu buga ƙwallo ta taɓa ƙafar ɗan ɗaya ɓangaren ta fita, sai mu shida mu kwasa a guje mu wuce 'yan bayansu, mu yi cincirindo gaban gola muna jiran saƙo.

Haka muka yi wa Maiyama a wasan kusa da na ƙarshe, muka yi musu ruwan ƙwallaye. Suka kai ƙara wurin Alhaji mai kofi. Ya tara mu a zaurensa a Jega, ni ina matsayin kyaftin, yayana na rakuɓe a gefe yana murza hularsa. Kowa a zauren ya san da Jega za mu kara a wasan ƙarshe, kuma ɗan Alhaji ne golansu.

Kyaftin ɗin Maiyama ya fara. "Alhaji, wanga ba ƙwallo na ba. Mutum shidda tsaye bakin raga kamar masu jiran sadaka!"

Alƙalin wasa ya ce, "Ni dai ban ga laihi ba. Jihwa babu satar gida, haka doka tac ce."

"Wanda yay yi dokar bai san da mai lodin albasa ba," in ji na Maiyama. "Ɓaraka sunka gani sunka shige."

Ba zan ce maganarsa ba ta da kai ba, don wasan namu ba ya da daɗin kallo. Amma raina ya ɓaci. Na ce, "Baba Alhaji, ɓarakar ga ba mu munka yi ta ba, kuma ba mu hana kowa shiga ba. Su ma su jehwa mana."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Yaro, kohi nawa na. Kun ci Maiyama, ya zauna. Amma ran wasan ƙarshe, jihwa ma akwai satar gida."

Kowa ya samu rana sai ya yi shanya. Alƙali ya sunkuyar da kai, mu ma muka tashi.

Ranar wasan yayana ya yi ta haki a fili, yana bin yaran da suka fi shi sauri. Jifan da ya gwada, kafin ƙwallo ta sauka an hura usur. Masu neman 'yan wasan ko sunansa ba su tambaya ba. Suka tafi da golan Jega, wanda ranar ko tsalle bai yi ba. Yayana ya koma tashar albasa, har lodi ya cinye masa kafaɗu. Wannan abu har yau yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Bayan shekaru muna gidan kallo a Jega, wani Bature ya yi dogon jifa, 'yan wasansu suka taru bakin raga aka zura. Wuri ya kaure da ihu. A bencin gabanmu tsohon golan nan, ya yi tumbi, ya miƙe yana tafi. "Ku dibi basira! Turawa dai sun san ƙwallo!"

Yayana bai ko dube shi ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Bai riƙe ta daidai ba. Ga yadda aka yi." Ya ɗaga hannuwansa zai nuna mini, suka kai daidai kunne suka tsaya. Ya sake gwadawa, sannan ya mayar da su kan cinya.