Kawu Bai Taɓa Cewa Babu Ba

Ni ɗan Ƙofar Gayan ne. Kafin in lalace ina aiki ne tare da kawuna, Malam Sale, tsohon ma'aikacin duba jinin dabbobi da ya buɗe shago a zaurensa. Ni nake zuwa bayan ganuwa in tsaga kunnen saniya in ɗebo jini, shi kuma ya ɗiga a gilashi, ya sa ido a madubin likita yana neman ƙwayar sammore, cutar da ke ramar da shanu har ta kashe su.

Kawu bai taɓa cewa "babu" ba. Sai dai ya ce, "Ban gani ba, a sake kawowa." Ƙwayar takan ɓuya, in ji shi, madubi kuma bai san gaibu ba. Ni kuwa haushi nake ji, ina ganin tsoho ya cika nawa.

Wani dillalin shanu ya gane ni. Ya ce, "Kai dai ka ce Malam ya ce babu. Kalma ɗaya ce." Na karɓi ɗan goro na faɗa. Daga nan na daina kai jinin ma, a kwata nake zubarwa.

Da bakina wani makiyayi, Jauro Bello, ya sayi shanu masu cutar. Kafin damina ta fita duk sun zube.

'Ya'yansa suka zo bayan Azahar da sanduna. Ina ɗakin ciki, na maƙale a bayan ƙofa. Suka farfasa madubin, suka kwantar da Kawu suna dukan fuskarsa. Yana ihu, "Wallahi ban taɓa cewa babu ba!" Jininsa ya gangaro ta ƙarƙashin ƙofa har ya taɓa ƙafata, amma ban fito ba. Tsoro ne, kuma har yau kunyarsa nake ji.

Dillalin ya tona ni. Mutanen unguwa suka ja ni a ƙasa cikin lungu, suka karya min hannu, suka zubar min da haƙora. Alƙali ya ɗaure ni, ya ɗaure yaran Jauro.

Da na fito na tuba, na nufi zauren. Kawu ya makance. Na durƙusa na ce, "Kawu, akwai sauran gafara gare ni a zuciyarka?"

Ya ce, "Na duba, ban gani ba. Ka sake dawowa."

Samari, kada ku sayar da bakinku, ko da kalma ɗaya ce. Abin da ba ku tabbatar ba, kada ku rantse a kansa. Ni kowace Juma'a nake komawa zauren nan in durƙusa, don har yau Kawu bai ce min babu ba.